Yadda ake zuwa taron masu fasaha a dawo da abin da ya fi riga da sitika

Taron farko da na taɓa zuwa a Kaduna ne, wata asabar, na tashi tun asuba daga Kano na shiga mota a Unguwa Uku, na isa wajen ƙarfe goma, na samu kujera can baya na zauna har yamma ban yi wa kowa magana ba sai wanda ya miƙo min takardar rubuta suna. An yi jawabai masu kyau, an ba mu abinci da riga, na dawo gida da dare. Bayan sati biyu da na zauna na tambayi kaina me na samu, wallahi babu sunan mutum ɗaya a wayata, babu abu ɗaya da na gwada a kwamfuta daga abin da aka koyar. Abin ya dame ni sosai don kuɗin motar ba ƙaramin abu ba ne a wajena lokacin. Shi ya sa duk ƙanena ko ƙanwata da ke koyon rubuta manhaja idan suka ce min za su taro nake zaunar da su mu yi wannan maganar, kuma ita ce zan rubuta a nan dalla-dalla.

Abu na farko ka san irin tarukan da ake yi da kuma lokacinsu, don ba duka ɗaya ba ne. Akwai ƙananan haɗuwa na wata-wata ko na lokaci-lokaci da ƙungiyoyin gari ke shiryawa, mutum 20 ko 50 a wani ɗaki na jami'a ko cibiyar fasaha, irin CoLab a Kaduna ko nHub a Jos ko Blue Sapphire a Kano. Akwai kuma manya na shekara-shekara. Ƙungiyoyin GDG, wato na masu amfani da fasahohin Google, suna da rassa a Kano da Kaduna da Abuja da Legas da garuruwa da yawa, su ne ke yin DevFest a watannin ƙarshen shekara, yawanci tsakanin Oktoba da Disamba, na Legas shi ne babba a ƙasar nan mutane dubbai ke zuwa. A watan Mayu Google na yin babban taronsa na I/O a Kalifoniya, bayan nan rassan gari su shirya I/O Extended a kalli abin da aka sanar a tattauna. Watan Maris akwai tarukan Women Techmakers saboda ranar mata ta duniya. Oktoba kuma watan Hacktoberfest ne, inda ake taruwa ana koya wa sababbi yadda za su ba da gudummawa a manhajojin da kowa ke da damar gani da gyarawa. Masu rubuta manhaja da harshen Python suna da PyCon Nigeria, sannan PyCon Africa wanda aka fara a Accra a 2019. Masu buɗaɗɗiyar manhaja, wato irin wadda kowa ke iya gani da gyarawa, suna da OSCAFest da aka fara a Legas a 2020. Masu ƙirƙirarriyar basira da koyar da na'ura suna da Deep Learning Indaba, an fara shi a Johannesburg a 2017, yana zagaya ƙasashe, an yi a Nairobi a 2019, Tunis a 2022, Accra a 2023, Dakar a 2024, kuma yana da ƙanana na ƙasa-ƙasa da ake ce wa IndabaX har da na Najeriya.

Shawarata ka fara da ƙaramin da ke garinku. Mutane da yawa burinsu Legas kai tsaye, amma a ɗakin mutum 30 ne za ka yi tambaya a amsa maka, a nan ne mai shirya taron zai riƙe fuskarka, kuma waɗanda ka haɗu da su za ka iya sake ganinsu sati mai zuwa ba sai shekara ta zagayo ba. Idan kana jami'a duba ko akwai GDG on Campus a makarantarku, da can GDSC ake ce musu kafin a canza sunan a 2024.

Ta ina za ka ji labari? Shafin gdg.community.dev yana da jerin rassa, ka nemi na garinku ka shiga da imel ɗinka, duk sanda suka saka taro za a turo maka. Sauran suna sakawa a X da LinkedIn, wasu a Eventbrite ko Luma ko Meetup, amma gaskiyar magana a arewa yawancin labari ta guruf ɗin WhatsApp da Telegram yake yawo, don haka a taron farko da ka je ka tambayi masu shiryawa su saka ka a guruf. Idan harkar bayanai da harshen Hausa a na'ura ce ta dame ka, bi Arewa Data Science da HausaNLP da Masakhane, suna yawan sanar da horaswa da taruka. Mata ku bi She Code Africa. Ka buɗe kalanda a wayarka ka rubuta watannin nan da na lissafa, don kar labari ya riske ka ana saura kwana biyu.

Na biyu rajista, kuma a nan mutane ke fara yin sakaci. Taron kyauta ma yana da iyakar kujeru, ana buɗe fom a cike cikin kwanaki kaɗan. Ka cike da sunanka na gaskiya kamar yadda yake a katin shaidarka, da imel ɗin da kake dubawa kullum ba wanda ka manta kalmar sirrinsa ba, domin tikitin ko lambar QR da za a duba a ƙofa ta nan za ta zo, wani lokaci kuma tana faɗawa cikin sifam sai ka leƙa can. Wasu tarukan rajista ba ita ce shiga ba, sai an tantance an turo maka saƙon gayyata, to kar ka hau mota sai ka ga wannan saƙon. Idan fom ɗin ya tambaye ka dalilin da ya sa kake son zuwa kar ka rubuta cewa kana son fasaha kana son ƙaruwa, kowa haka yake rubutawa. Faɗi abin da kake yi yanzu, misali kana haɗa manhajar lissafin bashi ga masu shago a Kantin Kwari da Flutter (kayan aikin haɗa manhajar waya) kuma ka maƙale a wajen ajiye bayanai idan babu intanet, wannan jimlar guda ɗaya ta fi sakin layi uku na yabon kai. Idan kuma ka yi rajista daga baya ka ga ba za ka samu zuwa ba, dan Allah ka soke, akwai wanda ke jiran kujerar nan, masu shiryawa kuma da adadin sunaye suke yin odar abinci.

Maganar kuɗi. Tarukan da ake biya yawanci suna da tikitin farko mai rahusa, da na ɗalibai, sai farashi ya hau idan lokaci ya matso. Hanyoyi uku na sani da mutum zai shiga ba tare da ya biya cikakken kuɗi ba. Ta farko aikin sa kai, ka cike fom ɗin masu taimakawa, ka tsaya a ƙofa kana duba tikiti ko kana miƙa makirfo ko kana kula da masu jawabi, za ka rasa wasu jawaban amma za ka san masu shirya taron da masu jawabi fiye da duk wanda ya zauna a kujera, ni ta wannan hanyar na samu yawancin mutanen da nake hulɗa da su yau. Ta biyu neman tallafin tafiya, PyCon da Indaba da tarukan Linux Foundation irin KubeCon duk suna da tsarin tallafi, amma ana rufe fom ɗin watanni kafin taron, wanda ya jira sai an fara tallar taro ya makara. Ta uku ka nemi yin jawabi, zan zo kanta a ƙasa. Idan kana aiki a kamfani kuma, ka rubuta wa oganka takarda gajera, ga taron, ga kuɗin, ga jawabai uku da suka shafi aikinmu, idan na dawo zan zauna da abokan aiki na minti 30 in yi musu bayani. Da yawa ba sa tambaya ne kawai shi ya sa ba a biya musu.

A nan sai na ja kunne, akwai taron bogi. Za ka ga saƙo ya shigo cewa an zaɓe ka zuwa wani taro a Kanada ko Amurka, komai kyauta, jirgi da masauki, kawai ka tura kuɗin biza ko na otal ta wani asusu. Taron da ba ka nema ba ba zai zaɓe ka ba. Ka duba ko an taɓa yin taron a baya, akwai bidiyon jawaban bara a YouTube, su waye masu shiryawa, mutanen da ka sani a harkar sun san shi? Kuɗin biza a ofishin jakadanci ko cibiyar da suka wakilta ake biya, ba a asusun wani mutum ba.

Na uku shirin tafiya. Idan a garinku ne da sauƙi, ka je ka ga wurin ko ka duba taswira tun jajibere, ka fita da wuri. Idan wani gari ne ka zauna ka yi lissafi a takarda, kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki, abinci na kwanakin da ba na taro ba, kuɗin zirga-zirga a cikin gari, data, sannan ka ɗora wani abu a kai na ko-ta-kwana. Kano zuwa Legas ta mota kusan kilomita 1,000 ne, kwana ake a hanya, wanda ya sauka da safe ya wuce zauren taro kai tsaye barci zai yi a kujera, don haka ka isa ana gobe. Idan Abuja ce daga Kaduna akwai jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa da Idu, tikitin ta intanet ake saya kuma yana ƙarewa da wuri musamman ƙarshen mako. Ka guji tafiyar dare a hanyoyin da ka san ba lafiya, babu jawabin da ya kai ranka. Ka tambaya a guruf ko akwai masu tafiya, sau da yawa mutum huɗu ko biyar ke haɗa kuɗi su kama ɗaki biyu kusa da wurin taron, ya fi arha ya fi kwanciyar hankali, kuma hirar da ake yi a mota da masauki ita kanta rabin amfanin tafiyar ce. A Legas kusancin masauki da zauren taro ya fi kyan ɗakin muhimmanci, saboda cunkoso zai iya cinye maka awa biyu da safe.

'Yan'uwa mata, na san naku shirin ya fi namu tsawo. Ku fara maganar da iyaye ko maigida tun da wuri, ku nuna musu shafin taron da jadawali da adireshin wurin da sunan wadda za ku tafi tare, izini ya fi sauƙin samuwa idan komai a fili yake. Ku tambayi masu shiryawa ko akwai guruf na mata mahalarta, yawanci akwai. Sannan kowane taro na kirki yana da rubutacciyar ƙa'idar ɗa'a da ke cewa ba a yarda da cin zarafi ko takura ba, da sunan waɗanda za a kai wa ƙara, ku karanta ku san su waye tun kafin ranar. Maza kuma mu karanta ita ma, don mu aka fi rubuta wa.

Idan ƙasar waje ce, fasfo ya zama yana da aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa wanda ake tambaya a iyakoki da filayen jirgi da yawa na Afirka. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Ghana saboda ECOWAS, shi ya sa tarukan Accra suka fi mana sauƙi, kuma idan ka je Nima ko wasu unguwannin zango Hausa za ka ji ana yi, abinci da masallaci ba matsala. Turai kuwa sai da biza, misali FOSDEM, taron masu buɗaɗɗiyar manhaja da ake yi a Brussels farkon Fabrairu kyauta ne ko rajista ba a yi, amma bizar Schengen ta shiga ƙasashen Turai da kuɗin jirgi su ne aikin, ka nemi takardar gayyata daga masu taro inda suke bayarwa ka fara neman biza watanni kafin lokaci.

Na huɗu, kuma wannan ne matakin da ya fi kowanne amma shi aka fi tsallakewa, shirin kanka. Kwana biyu ko uku kafin taro a kan fitar da jadawali. Ka zauna da shi kamar mai shirin jarrabawa. Manyan taruka suna da ɗakuna uku ko huɗu da ake jawabi lokaci guda, ba za ka iya halartar duka ba kuma bai kamata ka gwada ba. Zaɓi uku ko huɗu da suka shafi abin da kake yi yanzu, ka ƙara ɗaya a fannin da ba ka sani ba sam don buɗe ido. Duba sunayen masu jawabin, ka leƙa GitHub (shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu) ko LinkedIn ɗinsu ka ga me suka gina, ka rubuta tambaya ɗaya da za ka yi wa kowanne. Idan akwai zaman koyo da hannu, wanda ake buɗe laftof a yi aiki tare, masu koyarwa kan turo jerin abin da za a saka a kwamfuta, to ka saka su a gida. Intanet ɗin zauren taro idan mutum 300 suka hau kansa ba ya motsi, na sha ganin mutane sun ƙare awa biyu na zaman suna jiran Android Studio, manhajar da ake haɗa manhajojin Android da ita, ya sauka, har aka tashi ba su rubuta layi ɗaya ba.

Ka gyara shafinka na GitHub da LinkedIn, hoto na mutunci, layi biyu kan abin da kake yi, aiki ɗaya ko biyu da aka maƙala a sama da bayanin yadda ake kunna su. Ba sai aikin ya zama gagarumi ba, ya dai kasance yana aiki kuma za ka iya nuna shi a waya cikin minti ɗaya. Sannan ka shirya yadda za ka gabatar da kanka cikin jimla biyu, da Hausa da Turanci, ka maimaita a baki har ya zauna. Sunana wane, daga Zariya, ina koyon Python wata takwas yanzu, ina haɗa ɗan shiri da ke tura wa iyayen yara sakamakon jarrabawa ta saƙon waya. Shi ke nan. Wanda ya ji wannan yana da abin da zai tambaye ka a kai, saɓanin ka ce kai mai sha'awar fasaha ne, wanda ba ya buɗe ƙofar hira.

Jaka kuma, laftof da caja, fawa bank cike, ƙaramin soket mai baki da yawa idan kana da shi (wanda ya zo da wannan kowa abokinsa ne a ranar), data a layi biyu in da hali, ɗan littafi da biro, katin shaida, gorar ruwa, tsabar kuɗi kaɗan don tiransifa na iya ƙin tafiya, da riga mai ɗan kauri saboda sanyin AC na wasu zaurukan. Ka ɗau hoton tikitinka ka ajiye a waya yadda ko babu sabis za ka nuna. Sutura kuwa ka sa abin da kake sakewa a ciki, kaftani da hula ko abaya ko tishat duk ana gani, babu mai kallonka.

Na biyar ranar taron. Ka isa minti 30 ko fiye kafin lokacin da aka rubuta ko da ka san ba za a fara a kan lokaci ba. Wannan lokacin na jira zinariya ne, mutane kaɗan ne, kowa na neman wanda zai yi wa magana, masu shiryawa ba su rikice ba tukuna. Ka yi wa na kusa da kai sallama ka tambaye shi daga ina, me yake ginawa, wane jawabi ya zo ji. Kar ka zauna cikin abokan da kuka zo tare daga safe har yamma, kun riga kun san juna, ku rabu ku shiga ɗakuna daban da yamma ku haɗa abin da kowa ya samo. Ka zauna gaba-gaba. Tun da safe ka tambayi masu sa kai ina ake sallah da alwala, a tarukan arewa akan ba da hutun azahar, a wasu wuraren kuwa kai za ka duba jadawali ka ga inda za ka zame, matafiyi kuma yana da sauƙin kasaru da haɗa azahar da la'asar. Sahun sallar nan ma wajen sanin mutane ne, sau da yawa a wajen saka takalmi ake fara hirar da ta fi ta cikin zaure.

Lokacin jawabi kar ka wahalar da kanka da ɗaukar hoton kowane allo, yawancin masu jawabi suna sakin silaid ɗinsu bayan taro, manyan taruka kuma suna ɗora bidiyo. Abin da za ka rubuta a littafinka iri uku ne kawai, sunan wani kayan aiki da za ka gwada, abin da ba ka gane ba, da abin da ya saɓa da yadda kake yi a aikinka. Idan jawabi ya fi ƙarfinka kar ka karaya, kowa a ɗakin akwai abin da ya wuce shi, rubuta kalmomin da ba ka sani ba ka bincika a gida. Idan kuma ka ga ba shi ne abin da ka zata ba, ka fita a hankali ka koma wani ɗakin, ba rashin ladabi ba ne.

Tambaya idan an ba da dama, ka faɗi sunanka, ka yi tambaya ɗaya gajera wadda ta shafi abin da aka faɗa. Kar ka karɓi makirfo ka yi naka jawabin na minti biyar, kuma kar ka tambayi abin da kai kaɗai ya shafa kamar me ya sa lambarka ke ba da kuskure, wannan ka bari sai an sauko. Idan Turancinka ne ke sa ka jin nauyi, rubuta tambayar a takarda ka karanta, babu wanda ya zo gasar Turanci, kuma a Kano ko Kaduna ko Katsina da yawan masu jawabin za su amsa maka da Hausa idan ka same su a gefe.

Samun mai jawabi a gefe shi ma da yadda ake yi. Da ya sauko mutane za su yanyame shi, ka ɗan jira, idan ka samu dama ka ambaci takamaiman abin da ya faɗa wanda ya taɓa aikinka, ka yi tambayarka, ka nemi izinin tuntuɓarsa daga baya ta inda ya fi so. Kar gaisuwar farko ta zama ka ba ni aiki ko ka zama mai koyar da ni ko ka taimaka min da laftof. Na san halin da ake ciki, na san buƙata gaskiya ce, amma mutumin da ya san ka minti biyu ba shi da abin da zai dogara da shi ya yi maka wannan, alhali idan ya ga aikinka ya ga kana bibiya wata uku, shi da kansa zai turo maka sanarwar aiki idan ta fito. Idan kuna tsaye a da'ira kuna hira ku bar gurbi ɗaya a buɗe yadda wani zai iya shigowa, idan kai ne a waje kuma ka ga gurbi ka matsa ka yi sallama ka saurara, haka ake yi.

Teburan kamfanoni da ke bakin zaure kar ka je don sitika kawai. Tambaye su da wace fasaha suke aiki, suna ɗaukar masu koyon aiki ko masu bautar ƙasa, ana iya yi musu aiki daga gida, me suke dubawa a wajen sabon ma'aikaci. Amsoshin nan za su nuna maka abin da ya kamata ka koya a wata shida masu zuwa fiye da duk wani bidiyo. Duk wanda kuka yi hira mai ma'ana, da kun rabu ka rubuta sunansa da kalma biyu kan abin da kuka tattauna, domin zuwa dare fuskoki za su cakuɗe maka. Kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum ko ka saka shi a intanet, musamman mata. Mutum uku da kuka yi magana ta gaske sun isa a rana ɗaya, ba sai ka tara lamba 50 ba.

Na shida bayan an tashi, inda yawancinmu muke zubar da duk wahalar da muka sha. Cikin kwana biyu ka tura wa mutanen nan saƙo, gajere, ka tuna musu inda kuka haɗu da abin da kuka tattauna, idan ka yi alkawarin turo wani abu ka haɗa da shi. Salam kaɗai ko hi ba saƙo ba ne, mutum ba zai san me zai ce maka ba. Cikin satin kuma ka ɗauki abu ɗaya tak daga littafinka ka gwada shi a kwamfuta, ko da ƙaramin gwaji ne na awa biyu, ka ɗora a GitHub, ka tura wa wanda ya yi jawabin ka ce ga abin da na yi da abin da ka koyar, ga inda na maƙale. Wallahi masu jawabi kaɗan ne ke samun irin wannan saƙon, kuma ba sa manta wanda ya turo shi. Ka rubuta ɗan bayanin abin da ka koya ka saka a Facebook ko LinkedIn, in ka yi da Hausa ma ya fi don masu buƙatarsa da yawa kuma masu rubutawa kaɗan ne. Idan an turo fom ɗin jin ra'ayi ka cike da gaskiya, masu shiryawa 'yan sa kai ne ba biyansu ake ba, ka gode musu ka faɗi abin da za a gyara cikin mutunci.

Sai maganar yin jawabi da na ce zan dawo kanta. Bayan ka halarci taro biyu ko uku ka fara tunanin hawa mumbari kai ma. Watanni kafin babban taro ana buɗe kiran masu jawabi, yawanci ta shafin Sessionize ko fom ɗin Google, ana neman take da taƙaitaccen bayani da ɗan tarihinka. Ba sai ka zama gwani ba, abin da ka sha wahala a kai wata uku da suka wuce ka warware shi, akwai mutum 20 a ɗakin da ke cikin wannan wahalar yanzu. Fara da gajeren jawabi na minti 5 ko 10 a haɗuwar garinku, je ka samu mai shiryawa ka ce kana da abin da kake son nunawa, kusan kullum neman masu magana suke. A bayanin da za ka tura ka faɗi matsalar, da yadda ka bi, da abin da mai sauraro zai iya yi bayan ya fita. Ka gwada jawabin a gaban abokai biyu da agogo a hannu, ka ajiye silaid ɗinka a filashi da kuma imel, idan za ka nuna manhaja tana aiki ka ɗauki bidiyonta tun a gida saboda wuta ko intanet na iya yankewa ana tsaka da yi. Idan ba a zaɓe ka ba ka tambayi dalili in suna amsawa, ka gyara ka tura wa wani taron.

Wanda kuma garinsu babu irin wannan haɗuwar ko kaɗan, ka nemi mutum huɗu ko biyar masu koyo irinka, ku roƙi aji ɗaya a wata makaranta ko shagon kwamfuta ranar asabar, ku sa awa biyu, mutum ɗaya ya nuna abin da ya koya a watan, sauran lokacin ku buɗe laftof ku taya juna gyaran aiki. Ku tsayar da rana ɗaya a wata kar ku canza ta ko mutum uku ne suka zo, ku ɗau hoto ku rubuta abin da aka yi kowane zama, bayan wata shida da wannan tarihin za ku cike fom ɗin neman zama reshen GDG ko ku rubuta wa ƙungiyar Python ta ƙasa ku nemi su turo muku mai jawabi.